Yadda Ake Gane Kwas ɗin Koyon Harbi Mai Amfani a Amurka

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin jihar Texas, mai katin zama na dindindin, wanda yake da shago yana rufewa bayan tsakar dare, ya ce ya yanke shawarar mallakar ƙaramar bindiga alhali bai taɓa harbi ba. Ya ga kwasa-kwasai uku: na rabin yini wanda kuɗinsa bai kai dala ɗari ba, da na kwana biyu wanda wani tsohon soja mai ɗimbin mabiya a Instagram yake koyarwa, da na kwana biyar a wata fitacciyar makaranta a Arizona wanda zai ci masa dubban daloli. Yana so ya san wanne ya cancanci kuɗinsa, da kuma yadda ake tantance ko sunan da makaranta ta yi na gaskiya ne.

Amsa: Malam, ka kyauta da ka ambaci irin takardar zamanka, domin ita ce farkon abin da ake dubawa kafin a zo kan batun kwas. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mai katin zama na dindindin ya mallaki bindiga, amma ta haramta hakan ga wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu ko ta aikin wucin gadi, sai a wasu 'yan yanayoyi da aka keɓe, kamar wanda yake riƙe da lasisin farauta mai aiki. Wannan haramci ya shafi riƙe bindiga da harsashi, ba saye kaɗai ba, saboda haka kada ka ɗauki baƙonka da ya zo hutu ka kai shi filin harbi don nishaɗi ba tare da an bincika ba. Ka kuma sani cewa duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba, idan kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, wannan laifin kaɗai ya isa a kore shi daga ƙasar. Kuskuren da maƙwabcinka haifaffen Amurka zai biya tara a kansa ya koma gida, kai yana iya raba ka da shagonka da iyalinka. Wannan ya sa ma'aunin da zan ba ka ya fi karkata ga doka fiye da yadda masu tallar kwasa-kwasai suka saba yi.

Kwasa-kwasan nan uku da ka lissafa ba aiki ɗaya suke yi ba, don haka kwatanta farashinsu kai tsaye ba zai gaya maka komai ba. Na rabin yinin, bisa dukkan alamu, kwas ne na neman lasisi, kuma abin da yake sayarwa takarda ce da hukuma ta amince da ita. Abin da ake buƙata kafin a ba da wannan takarda ya bambanta ƙwarai daga jiha zuwa jiha. A Pennsylvania ba a neman horo ko kaɗan. A Utah ana zama a aji amma ba a tilasta wa ɗalibi ya harba ko harsashi ɗaya. A New York kuwa, bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2022 wanda ya soke sharaɗin jihar na cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman, sai jihar ta mayar da martani da sabuwar doka mai neman sa'a 16 a aji da sa'a 2 na harbi. Illinois da Maryland su ma sa'a 16 suke nema. A ɗaya gefen, zuwa 2024 jihohi 29 sun yarda wanda ya kai shekarun da doka ta ƙayyade ya ɗauki bindiga ba tare da lasisi ba, kuma Texas tana cikinsu tun 1 ga Satumba 2021.

Ka dubi jarrabawar harbi ta lasisin Texas da kyau, domin lissafinta yana nuna iyakar abin da takardar take tabbatarwa. Harsashi 50 ake harbawa: 20 daga nisan yadi 3, 20 daga yadi 7, sai 10 daga yadi 15. Kowane harbi mai kyau maki 5 ne, jimilla 250, kuma da maki 175 ake cin jarrabawa. Ke nan wanda ya sami harsasai 40 na kusa a tsakiyar allon ya riga ya tara maki 200, ya ci jarrabawar tun kafin a matsa zuwa yadi 15, ko da goman ƙarshe duk a iska suka tafi. Allon da ake harbi kuma babba ne, ya kai faɗin ƙirjin ƙato, kuma ba a buƙatar ɗalibi ya zaro bindiga daga kube, tana hannunsa ake farawa. Kamar lasisin tuƙi ne: yana ba ka izinin hawa titi, bai ce ka iya kauce wa babbar mota a cikin ruwan sama ba. Duk da haka ina ba ka shawarar ka yi shi, domin takardar tana da amfaninta. Jihohi da dama suna amincewa da lasisin Texas, kuma dokar tarayya ta 1990 da ta hana ɗaukar bindiga a tsakanin ƙafa 1,000 daga harabar makaranta ta keɓe wanda jihar ta ba lasisi, ba ta keɓe wanda yake ɗauka ba lasisi ba. A cikin birni da wuya ka yi tafiyar minti goma a mota ba ka ratsa irin wannan wuri ba. Ka biya kuɗin, ka karɓi takardar, amma kada ka ɗauka ka koyi harbi.

Sauran biyun su ne suke da'awar koyar da ƙwarewa, kuma abu na farko da nake auna irinsu da shi shi ne yadda ake kiyaye lafiyar mutane a filin. Ana gane wannan tun a rabin sa'ar farko. A kwas ɗin ƙwarai, kafin a taɓa bindiga ko ɗaya, malami zai tara ɗalibai ya maimaita ƙa'idoji huɗu da marigayi Jeff Cooper, fitaccen malamin harbi, ya shahara da tsarawa: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada a nuna bakinta ga abin da ba a shirya lalatawa ba, kada yatsa ya hau kunama sai an daidaita saiti a kan abin da za a harba, kuma a tabbatar da abin da za a harba da abin da yake bayansa. Daga nan zai ɗaga jakar agajin gaggawa kowa ya gan ta, ya buɗe ta ya nuna inda ɗaurin tsayar da jini yake, ya tambaya ko akwai likita ko ma'aikacin jinya a cikin ɗalibai, ya zaɓi mutum ɗaya da sunansa wanda zai kira motar asibiti da wani da zai tsaya a bakin ƙofa ya nuna mata hanya, ya kuma nuna takardar da aka rubuta adireshin filin aka manna a wurin da kowa zai gani. Wasu ma sukan ajiye mota ɗaya tana fuskantar ƙofa da makulli a ciki, domin filayen harbi da yawa suna nesa da gari. Malamin da ya tsallake wannan ya ce lokaci ya ƙure, a fara harbi, ya riga ya gaya maka matsayin ranka a wurinsa.

Sannan ka ƙirga malamai da ɗalibai. Ga sabon shiga, ba na jin daɗin ganin malami ɗaya a kan ɗalibai fiye da biyar ko shida a layin harbi a lokaci guda, domin sabon ɗalibi yakan juya da bindiga a hannu idan aka kira shi ko idan kwanson harsashi mai zafi ya faɗa masa cikin riga, kuma dole a sami wanda yake kusa da zai riƙe hannunsa kafin ya gama juyawa. Ka lura kuma ko ana ba mutum abin da ya fi ƙarfinsa. A watan Agusta 2014, a wani filin harbi na masu yawon buɗe ido a Arizona, an miƙa wa yarinya 'yar shekara tara bindigar Uzi aka saita ta a kan harbi ba tsayawa, ƙarfin bugun bindigar ya ɗaga bakinta sama, harsashi ya sami malamin da yake tsaye a gefenta a ka, ya rasu. Yarinyar ba ta da laifi, kuma bindigar ta yi abin da aka ƙera ta ta yi. Hukuncin da babba ya yanke ne ya kasa. Ƙananan abubuwa ma suna nuna halin wuri: ko ana tilasta sa tabarau da abin toshe kunne, tun da ƙarar harbi tana wuce desibel 140 kuma harbi ɗaya yana iya lahanta ji har abada, da ko filin cikin gini yana da iskar da take jan hayaƙin dalma gaba, da ko ana tuna wa mutane su wanke hannu kafin cin abinci.

Batun malami shi ne inda mutane suka fi ruɗuwa, kuma a nan tsohon sojan nan naka ya shigo. Aikin soja abin girmamawa ne, amma ba shaida ba ce ta iya koyar da ɗan kasuwa yadda zai riƙe ƙaramar bindiga a cikin gari. Galibin sojoji da doguwar bindiga suke aiki, a cikin rukuni, sanye da sulke, ƙarƙashin dokokin yaƙi, da likita da jirgin agaji a bayansu. Kai kuwa kai kaɗai ne a bayan kanta, da kwastomomi a gabanka, da mai gabatar da ƙara da zai kalli hoton kyamarar shagonka daƙiƙa bayan daƙiƙa. Haka ma tsohon ɗan sanda. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2008 a kan 'yan sandan birnin New York ya nuna cewa tsakanin 1998 da 2006, a musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari ne kawai na harsasan da suka harba suka sami wanda aka nufa. Ban kawo wannan don rage darajar 'yan sanda ba, na kawo shi ne don ka ga cewa kaki da kansa ba ya mayar da mutum gwani, kuma harbi cikin firgici ya sha bamban da harbin allo. Akwai tsofaffin sojoji da 'yan sanda da suke cikin malaman da suka fi kowa iyawa, amma sun kai nan ne saboda sun koma sun zama ɗalibai bayan sun tuɓe kaki.

Takardar shaidar malanta ta NRA, babbar ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, wadda za ka gani a kusan kowace talla, ita ma mafari ce. Ana samunta cikin 'yan kwanaki kaɗan, kuma tana nuna cewa mutum ya san manhajar matakin farko kuma zai iya gabatar da ita cikin tsari. Rashinta abin tambaya ne, samunta kuma ba abin alfahari ba ne. Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne amsar tambayoyi uku da za ka iya aika wa kowane malami ta imel kafin ka biya ko sisi: wane kwas shi kansa ya halarta a matsayin ɗalibi cikin shekara biyu da suka wuce kuma a wurin wa, wane ma'auni yake gwada ɗalibansa da shi a ƙarshe, da ko yana da inshorar da ta shafi koyarwa. Malamin kirki yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, yakan ma ba ka sunayen wasu malamai a yankinka da za ka gwada. Wanda ya fusata, ko ya ce tarihin aikinsa sirri ne da ba a yarda ya faɗa ba, ka bar shi da sirrinsa. Ƙaryar aikin soja ta yi yawa a wannan sana'a, kuma tun 2013 akwai dokar tarayya da ta mayar da iƙirarin samun wasu lambobin yabo na soja bisa ƙarya don neman kuɗi laifi. Galibin waɗanda suka bar soja suna da takardar sallama da ake kira DD-214, kuma wanda yake cin abinci da sunan aikinsa bai kamata ya ji nauyin nuna ta ba. Idan kuma ya ce shi gwanin gasa ne, ƙungiyoyin gasar harbi irin USPSA da IDPA suna da matakan da ake jera mambobi a kai bisa makin da suka ci, kuma ana iya bincikawa.

Akwai wata alama da ba ta buƙatar takarda: shin malamin yana harbi a gaban ɗalibansa? Wanda ya tabbata da kansa zai tsaya a gaban allo, ya miƙa wa ɗalibi agogon ƙidayar daƙiƙa, ya yi atisayen da yake neman su yi, kowa ya je ya ga inda harsasansa suka faɗa. Wani lokacin zai kuskure, ya faɗi abin da ya jawo kuskuren, ya sake. Wannan ya fi sa'a guda ta labarin filin daga amfani.

Daga nan sai ma'auni, wanda a ganina shi ne ya fi raba kwas mai daraja da wanda yake sayar da jin daɗi. Ka tambaya: me zan iya yi ranar da aka gama wanda ban iya ba ranar da aka fara, kuma yaya za a auna shi? Amsa mai kyau tana zuwa da lambobi, wato nisa kaza, girman allo kaza, daƙiƙa kaza, maki kaza. Malamai da yawa suna amfani da jarrabawar harbi ta hukumar FBI domin sananniya ce kuma kowa zai iya kwatanta kansa da ita: harsashi 50, daga yadi 3 har zuwa yadi 25, ana zaro bindiga daga ƙarƙashin riga, kowane mataki da lokacinsa, kuma sai an sami 40 a ci. Ba dole sai ita ba, amma dole a sami wani abu makamancinta, kuma dole ya kasance ana iya faɗuwa. Kwas ɗin da duk wanda ya biya yake fita da satifiket iri ɗaya, shaidar halarta yake bayarwa, ba shaidar iyawa ba. Kada kuma yawan harsashi ya burge ka. Na sha ganin ɗalibai sun ƙona harsasai masu yawa a yini guda, hannuwansu sun yi kanta, suna murna, alhali tun da hantsi suke fizgar kunama maimakon matsa ta a hankali, babu wanda ya tsaya kusa da su ya gyara musu, sai suka koma gida sun ƙara zaunar da kuskuren a jikinsu. Harsashi 200 da aka duba kowane ɗaya aka yi magana a kansa sun fi 1,000 da aka watsa. Bidiyon da ake birgima a ƙasa ana harbi daga ƙarƙashin mota cikin hayaƙi yana kawo mabiya a Instagram, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sashen doka shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, kuma shi ne mai shago irinka ya fi buƙata. Yiwuwar ka harba bindiga a kan mutum a tsawon rayuwarka kaɗan ce ƙwarai, amma kullum za ka yanke hukuncin inda za ka shiga da ita da inda za ka bar ta. A Texas akwai allunan da ake mannawa a ƙofar gine-gine masu lamba 30.05 da 30.06 da 30.07, kowanne da irin wanda ya hana shiga, akwai kuma jan allo mai ɗauke da 51% a wuraren da akasarin cinikinsu na barasa ne da ake sha a wurin, inda shiga da bindiga babban laifi ne ko kana da lasisi. Dokar kare kai ma ta bambanta: a New York, a wajen gidanka, wajibi ne ka ja da baya idan za ka iya yin hakan lafiya kafin ka yi amfani da ƙarfin da zai iya kisa, alhali Florida ta cire wannan wajibcin tun 2005. Lasisi kuma ba ya tsallaka kowace iyaka. A 2013 an tsayar da wata mata 'yar Philadelphia a New Jersey saboda laifin tuƙi, ta gaya wa ɗan sanda da bakinta cewa tana da bindiga da lasisin Pennsylvania, aka kama ta, ta fuskanci ɗaurin shekara uku da rabi, sai a 2015 gwamnan jihar ya yi mata afuwa. Da ace ita mai katin zama ce ba 'yar ƙasa ba, da lamarin ya fi haka muni.

Akwai kuma abin da baƙar fata ba zai kawar da kai daga gare shi ba. A watan Yuli 2016, a Minnesota, ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa jim kaɗan bayan ya sanar da shi cewa yana ɗauke da bindiga, kuma yana da lasisinta. Kotu ta wanke ɗan sandan a 2017. Kwas ɗin da bai ware lokaci ya koya maka inda za ka ajiye hannuwanka idan an tsayar da kai, da abin da za ka faɗa da tsarin da za ka faɗe shi, da yadda za ka kasance idan 'yan sanda suka iso shagonka bayan wani abu ya faru suka tarar da kai da bindiga, bai yi tunanin ɗalibi irinka ba. Massad Ayoob, wanda ya daɗe yana ba da shaida a kotuna a matsayin masani a shari'o'in kare kai, ya raba shahararren kwas ɗinsa na sa'a 40 gida biyu, rabi a aji a kan doka da abin da ke biyo bayan harbi, rabi a fili. Ba kowa ne zai ba da rabi ba, amma minti ashirin kafin a tashi bai isa ba. Ka saurari harshen malamin ma. Wanda yake raha da kisa, ko yake ba da shawarar a gyara wurin da abu ya faru kafin hukuma ta iso, yana koya maka hanyar kurkuku, kuma lauyan gwamnati yana iya neman takardun kwas ɗin da ka halarta ya karanta su a gaban masu taya alƙali hukunci. Malamin ƙwarai yakan ɓata lokaci mai tsawo a kan yadda za a kauce wa faɗa, har da miƙa kuɗin cikin akwati ga ɗan fashi idan hakan zai sa ya fita.

Haka nan ajiya a gida. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Gidan da yake da yara ko matashi mai fama da damuwa yana buƙatar akwatin ƙarfe mai kulle tun kafin bindigar ta shigo, kuma kwas ɗin da bai taɓo wannan ba ya bar haɗarin da ya fi kusa da kai.

Yanzu ga batun suna. Makarantar Arizona da kake nufi ina kyautata zaton Gunsite ce, wadda Cooper ya kafa a 1976 kusa da garin Paulden, kuma sunanta na gaskiya ne, kwas ɗinta na kwana biyar yana cikin waɗanda suka kafa tsarin koyar da ƙaramar bindiga na zamani. Amma tarihinta kansa darasi ne. A 1992 Cooper ya sayar da ita, aka canza abubuwa har shi da kansa ya nisanta daga gare ta, tsofaffin ɗalibai suka riƙa bambanta satifiket ɗin zamaninsa da na bayansa, sai a 1999 da wani sabon mai shi ya saye ta aka daidaita. Sunan Gunsite yana nan a duk tsawon wannan lokaci, mutanen ciki ne suka canza. Saboda haka ko a babbar makaranta, ka tambayi sunan wanda zai jagoranci ajinku. Misali na biyu ya fi ɗaci. Front Sight a Nevada ta kasance cikin makarantun da suka fi kowa yawan ɗalibai, ta kuma yi shekaru tana sayar da rajistar har abada, wato ka biya sau ɗaya ka riƙa zuwa kyauta muddin ranka. A watan Mayu 2022 ta shigar da takardar karayar arziki, daga baya wani kamfani ya saye wurin, masu rajistar har abada suka tarar alkawarin bai ɗore ba. Mutane da yawa sun yaba koyarwar da aka yi musu a can, wanda ya nuna cewa ingancin aji da lafiyar kasuwancin da yake bayansa abubuwa biyu ne daban. Kada ka biya kuɗin shekaru a gaba, ka biya na kwas ɗin da za ka shiga, ka kuma karanta sharaɗin mayar da kuɗi idan aka soke.

Taurarin da ake bayarwa a Google da Facebook ba su da nauyi sosai a wannan fanni, domin akasarin masu ba da su wannan ne kwas ɗinsu na farko, ba su da abin kwatantawa, abin da suke aunawa shi ne ko malamin yana da fara'a kuma ko sun ji daɗin yinin. Ka nemi rahoton wanda ya halarci makarantu uku ko huɗu, wanda ya faɗi yawan ɗalibai da malamai, da abin da aka yi kowace rana, da makin da ya fara da shi da wanda ya gama da shi, da abin da bai gamsar da shi ba. Rahoton da babu suka ko ɗaya a cikinsa, ko wanda ya ƙare da lambar rangwame, talla ne. Ka kuma duba ko makarantar tana tantance masu shiga. Manyan makarantu suna neman lasisi ko takardar da ta nuna ba ka da tarihin laifi, wasu kuma suna da sharuɗɗa na musamman ga wanda ba ɗan ƙasa ba, don haka ka faɗi matsayinka tun a wasiƙar farko. Wurin da yake karɓar kowa muddin katin bankinsa ya yi aiki, ka tuna cewa wannan kowan zai tsaya kusa da kai da bindiga mai harsashi.

Ga masu karanta wannan daga gida Najeriya, tsarin ya sha bamban. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar farauta ta harsashi tana ƙarƙashin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma dokar kamfanonin gadi ta 1986 ta hana masu gadi na kamfani ɗaukar bindiga. Duk wanda ya yi maka tallar horon harbi da alkawarin lasisi, ka fara da ofishin 'yan sanda kafin ka ba shi kuɗi.

Kai kuwa, Malam, ga yadda zan kashe kuɗin da ni ne a matsayinka. Kafin ka sayi bindiga, ka nemi malami a kusa da kai wanda ya amsa tambayoyin nan uku da kyau, ka yi zama biyu ko uku kai da shi kaɗai, da bindigar haya, domin ka gano wadda ta dace da hannunka maimakon wadda mai kanti yake so ya sayar. Sai ka yi kwas ɗin lasisi. Sai ka ware kuɗin sa'a guda da lauyan da ya san dokar laifuka da ta shige da fice, ka kuma shiga ajin koyon tsayar da jini na shirin Stop the Bleed, wanda bai wuce sa'a biyu ba kuma sau da yawa kyauta ne. Kwas ɗin kwana biyu ya biyo bayan wannan, idan tsohon sojan ya nuna maka manhaja a rubuce da ma'aunin da yake gwaji da shi, idan kuma ya yarda ka zo ka tsaya a baya ka kalli ajinsa na sa'a ɗaya kafin ka yi rajista. Na kwana biyar ɗin ka jinkirta shi zuwa shekara mai zuwa. Idan ka haɗa kuɗin makaranta da harsashi kusan dubu da tikitin jirgi da masauki da kwanakin da shago zai kasance a hannun wani, kuɗin ya isa ya biya maka harsashin atisaye da kuɗin shiga fili sau biyu a wata na tsawon lokaci, kuma hannun da ba ya atisaye yana mantuwa cikin 'yan watanni. Ka sayi littafin rubutu, duk zuwan da ka yi ka harba gwaji iri ɗaya ka rubuta kwanan wata da nisa da lokaci da maki, ranar da ka ga makin ya daina hawa wata uku a jere, lokacin tafiya Arizona ya yi.